Takwas da Rabi a Kan Filasta

Anti mai fili, don Allah ki taimaka min da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Takardar neman a canja min wurin aiki tana cikin jakata yau kwana takwas, na rubuta, na sa hannu, saura in miƙa. Raina a ɓace yake, kuma duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, sai ka ce wani abu daban na shekara ashirin da uku ina yi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai, inda ake ajiye bakwaini da waɗanda suka zo duniya da matsala. Da ƙuruciyata na shiga ɗakin nan, yanzu furfura ce a ƙarƙashin hulata. Kowa Mama Sista yake ce min, har babban likitanmu. Ba yabon kai ba, jaririn da bai kai nauyin kilo ɗaya ba ina juya shi a cikin kwalba bai farka ba.

Bari in yi miki bayani kaɗan don ki gane inda rigimar take. Jaririn da bai isa shan nono ba, ana zura masa wata siririyar roba ta jijiyar cibiya, ta nan ake ba shi ruwa da abinci da magani. Bakin robar akwai inda ake so ya tsaya, daf da ƙofar zuciya. In ya gaza, matsala. In ya zarce ya shiga ciki, babbar matsala. Likita ne yake zurawa, ya ɗinke ta a jikin guntun cibiya, a ɗauki hoton ƙirji sau ɗaya a ga ta zauna, sannan ni in ɗaure. A jikin robar akwai lambobi irin na tef ɗin tela. Lambar da ta tsaya a bakin cibiya ita nake rubutawa da jan biro a kan filasta. Kullum da safe da lokacin miƙa aiki sai a duba, in lambar roba ta yi daidai da ta filasta, shi ke nan, roba tana inda aka bar ta. Ni na kawo wannan tsarin ɗakinmu. Kafin ni kowa da ido yake kintata. Har tsokanata ake yi, wai filastar Mama sai dai a sallami yaro da ita.

To akwai wata ƙaramar likita, Auta muke ce mata don ita ce ƙaramar cikinsu. Tana ɗaliba ta fara zuwa hannuna. Ranar da ta fara ganin an ɗebi jini a dunduniyar jariri jiri ya kwashe ta, ni na zaunar da ita a kujerata ina yi mata fifita da fayil. Ni na koya mata yadda ake sa hannu ta tagar kwalba ba a bar ɗumi ya fita ba. Aka tura ta kwas na wata shida, ta dawo ba ta da zance sai na sikanin. Wai yanzu a wasu asibitoci da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ake bin robar cibiya ana ganin bakinta ƙiri-ƙiri, kuma ba sau ɗaya ba. Na ce mata to madalla, Allah ya kai mu. Ban ɗauka da gaske take ba.

Ranar Talatar makon jiya muna da wani yaro a gado na huɗu, Ɗan Shuri muke ce masa saboda ƙafarsa ba ta hutawa. Kwanansa huɗu. Tun da na karɓi aiki da safe na'urar da ke bin bugun zuciyarsa take ta kuka, zuciyar tana gudu ta lafa, ta sake gudu. Abin da na fara dubawa roba ce. Takwas da rabi a jikin roba, takwas da rabi a kan filasta, rubutun hannuna. Auta ta zo ta same ni a gefe ta ce tana so ta sa masa sikanin. Na ce mata roba tana nan daram, ta nemi dalili a wani wurin, kar ta zo ta shafa wa yaro man nan mai sanyi ta ƙara masa wahala. Ta fita. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ana cikin zagayen safe, ga babban likita, ga ɗalibai shida da littattafansu, ga uban yaron a tsaye bakin ƙofa da rigar aikinsa duk baƙin mai, don makanike ne, sai ga Auta ta turo na'urar daga ɓangaren masu ciki, tayarta ɗaya tana ƙiii-ƙiii har cikin ɗaki. Ta ɗuma man a tafin hannunta, wannan kam na ba ta, ta ɗora kan na'urar a ƙasan ƙirjinsa. Kowa ya zuba wa allon ido. Ni duhu kawai nake gani da toka-toka. Sai ta nuna wani farin layi a tsakiyar abin da ke motsi, ta ce bakin robar ke nan, ya shige cikin zuciya. Ta tura ruwa kaɗan da sirinji, muka ga ya watsu a wurin. A nan ne, Anti, yarinyar nan ta juya wajen ɗalibai ta ce da ƙarfi su daina dogara da lambar da ke kan filasta, rubutu ne kawai, ba ya gaya wa mutum komai.

Rubutu ne kawai! Wani ɗalibi har da murmushi. Uban yaron ya ɗaga murya daga bakin ƙofa yana tambayar wa ya yi rubutun. Duk ɗakin ni aka juyo ana kallo. Babban likita, wanda ya shekara goma sha biyar yana sa hannu a ƙarƙashin lambobina, ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau.

An ja robar baya santimita ɗaya da rabi, ba a jima ba zuciyar yaron ta daidaita. Yau yana shan nonon uwarsa da ɗan kofi. Na gode wa Allah, kar ki ce ban gode ba, ni na fi kowa son yaron nan ya tashi. Bayanin da Auta ta yi wa ɗalibai kuwa, wai guntun cibiya in ya fara bushewa yana motsewa, sai ya tura robar da aka ɗinke a jikinsa ciki, lamba kuma tana nan a bakinsa ba ta canja ba. Ni da na ga faɗuwar cibiya ta fi dubu, yau yarinyar da na yi wa fifita ce take koya min cewa cibiya tana bushewa.

Kwana biyu bayan haka aka manna sanarwa a allon ɗakin shan shayi. Daga yanzu duk jaririn da ke da robar cibiya za a riƙa yi masa sikanin a kai a kai, kuma za a koya wa ma'aikatan jinya karanta hoton, a fara ran Litinin ɗin nan da ke tafe. Sunana ne na farko a jerin. Mai koyarwa Auta. Babban likita bai kira ni ofis ba, bai ce Mama ga abin da muka yanke ba, a bango na karanta tare da masu shara. Makaniken nan yanzu in ya zo sai ya wuce ni ya je ya tambayi yaran da na koya wa aiki lafiyar ɗansa. Su ma yaran, in sun ɗauki biro za su rubuta lamba sai su saci kallona.

Auta ta zo ba ni haƙuri, ba zan ɓoye miki ba. A ɗakin canja kaya ta same ni, ba kowa, ta rusuna ta ce in yafe mata, ba da ni take ba, tsoro ne ya kama ta saboda yaron. Na ce mata a gaban mutum goma ta tsinka ni, sai kuma ta zo bayan ƙofa ta ba ni haƙuri a gaban rigunan da aka rataye. Washegari ta ajiye min shayi a teburina. Na bar shi ya huce a wurin.

Maigidana kuwa bai taimaka ba. Wai mene ne a ciki, ni da na koyi tura saƙo da waya bayan na rantse ba zan iya ba, na'ura ce za ta gagare ni. Da waya yake haɗa min aikina na shekara ashirin da uku! Kwana biyu ban kula shi ba.

Akwai kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba, ban ma san dalilin da ya sa nake rubuta miki shi ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce an kawo mana wasu tagwaye mata. Ƙaramar cikinsu, kakarta ta saƙa mata wata jar hula da ba ta fi rufe lemo ba, shi ya sa muke ce mata Mai Jar Hula. Tana samun sauƙi, har mun fara maganar cire ta daga kwalba. Rana ta biyar da hantsi zuciyarta ta fara gudu, kafin azahar ta tafi. Na duba roba a ranar, na duba sau uku, lamba daidai. Da bakina na gaya wa uwar cewa komai yana inda ya kamata, ba abin da aka yi sakaci da shi, kwana ne ya ƙare. Ta riƙe hannuna tana yi min godiya tana kuka. Har yau duk shekara sai ta kawo min babbar ta gaishe ni, yarinyar yanzu ta kai min kafaɗa. Tun ranar da na ga farin layin nan a allon Auta, in ina wanke hannu, in ina cikin mota, in ina ninke kaya, hular nan nake gani. Shekara goma sha ɗaya ina zaune lafiya, yarinyar nan ta zo ta tono min ita. Wa ya aike ta?

Yau Laraba da safe aka kawo wata jaririya, ita ma gado na huɗu aka sa ta, don an mayar da Ɗan Shuri kusa da uwarsa. Aka zura roba, aka yi hoton ƙirji, na ɗaure. Na ɗauki jan birona, lambar bakwai ce. Na rubuta, na juya baya na fita.

To ki gaya min, Anti. In miƙa takardar nan in koma ɓangaren masu zuwa su tafi, in riƙa gwada hawan jini har in yi ritaya da mutuncina? Ko in tsaya sai an ba ni haƙuri a gaban waɗanda aka ci min fuska a gabansu? Abu ɗaya dai na sani, ba zan zauna ran Litinin a benci ɗaya da yaran da na raina, Auta tana kama min hannu ba.

Taki cikin ɓacin rai,
Mai Jan Biro

*

Yaya Mai Jan Biro,

Sannu da aiki, sannu da ɗawainiyar 'ya'yan mutane. Na ɗaga wasu wasiƙu na sa taki a gaba don ta fito yau Asabar, za ki ga dalili a ƙarshe.

An yi miki ba daidai ba, ba zan ce miki ki yi haƙuri kawai in wuce ba. Mafi yawan laifin kuma na babban likitanku ne. Tsarin lamba tsarin ɗaki ne, da sa hannunsa aka yi shekaru ana binsa. Lokacin da uban yaro ya yi tambaya, shi ya kamata ya buɗe baki ya ce haka muke yi dukanmu, yau mun ƙaru. Ya yi shiru ya bar ki da idon mutane, sannan ya bari kika karanta makomarki a bango. Ki same shi a ofis ki gaya masa haka, da ladabi amma ba tare da rage komai ba. Ki nemi ya faɗi wannan magana a zagayen safe, ya kuma yi wa makaniken bayani da kansa. Haƙƙinki ne. Auta ma ta yi kuskuren harshe, kuma ba ki yi laifi ba da kika ce haƙurin bayan ƙofa bai ishe ki ba. Ki gaya mata abin da kike so ta faɗa da inda kike so ta faɗe shi. Yarinyar da ta rusuna ta kawo shayi ba za ta ƙi ba.

Sai dai, Yaya, ki sake karanta wasiƙarki. Kafin ta turo na'ura gaban mutane, a gefe ta same ki, ita da ke. Ke kika ce a'a. Ta fita tana da zaɓi biyu, ko ta ji nauyinki ko ta duba yaron. Da ta ji nauyinki a ranar, wace irin wasiƙa za ki rubuto min yau? Ita ce likitar da kika so ta zama lokacin da kike yi mata fifita. Kin yi tarbiyya, ta kama, ta zo ta taka miki ƙafa. Da zafi, amma hannunki ne a jikinta.

Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wa wata ƙawata likitar yara wasiƙarki. Ta ce robar nan takan gusa ko da wadda ta ɗaure ta fi kowa iyawa, kuma lambarki ba banza ba ce, ita take nuna in roba ta zame waje ko wani ya ja ta. Abin da ba ta iya nunawa shi ne abin da ke faruwa a ciki. Kin shekara ashirin da uku kina gadin ƙofa da kyau. Yanzu an samu abin leƙa ɗaki.

Yanzu ga maganar da nake jin ita ta sa kika ɗauki biro. Makaniken da ya daina gaishe ki layi ɗaya kika ba shi. Mai Jar Hula kin tuna wadda ta saƙa mata hula, kin tuna sau nawa kika duba roba, kin tuna lokacin da ta tafi. Fushinki da Auta gaskiya ne, amma ƙarƙashinsa tsoro ne, kina tsoron in kin koyi karanta allon nan za ki gane abin da ba ki gani ba shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Na tambayi ƙawata wannan ma. Ta ce ba wanda zai iya gaya miki yau abin da ya ɗauke yarinyar nan, abubuwa da yawa suna ɗauke bakwaini farat ɗaya. Zai yiwu roba ce, zai yiwu ba ita ba ce. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san ba ita ba ce. Abin da na sani, kin duba da abin da kike da shi a lokacin, kin gaya wa uwar abin da kika gani, ba ki ɓoye komai ba. Kar ki kai wa matar nan zato, ba zai dawo mata da kowa ba. Amma ki daina ɗaukarsa ke kaɗai. Ki gaya wa maigidanki. Da ya san da wannan, da bai yi miki zancen waya ba, kwana biyun nan da ba ki kula shi ba an yi su ne a kan abin da bai ji ba.

Takardar canjin aiki kuwa, ki bar ta a jaka ko ki yaga, kar dai ki miƙa cikin fushi. Hular nan za ta bi ki har ɓangaren gwada hawan jini, kuma a can ba abin da za ki iya yi a kai. Benci ɗaya da yara ma ba dole ba ne. Ki nemi Auta ta fara da ke, ku biyu, kafin sauran. Nan da wata uku, in na fahimci irinki daidai, ke za ki riƙa tsawata wa ɗalibai a kan man da ba su ɗuma ba.

Ga dalilin da ya sa ban bar wasiƙarki ta jira ba. Ran Laraba kika ɗaure wa jaririyar gado na huɗu roba, kika rubuta bakwai. Yau kwananta uku. Kin fi ni sanin yadda cibiya take bushewa a kwana na uku. Ba ki ce min an duba ta ba, kuma ita ba ta san da Litinin ba, ba ta san wa ya ci fuskar wa ba. Ki ajiye jaridar nan, in kina aiki ki tura a kira Auta, in kina gida ki buga mata waya. Ki ce ta turo na'urar nan mai kukan taya, ke za ki tsaya a gefenta ki gani da idonki. In ta nuna miki bakin robar, ki ɗauki jan bironki ki rubuta kwanan wata a ƙarƙashin bakwai ɗin.

Allah ya raya yarinyar, ya sanyaya miki zuciya, ya daɗe da hannun nan naki a ɗakin jarirai.

Taki,
Anti